Fashin baƙi: kafin ka ɗora modal a wayar manomi, fara leƙa metadata ɗinsa

Jama'a akwai wani abu da ya fara yawa tsakanin matasanmu masu koyon harkar ƙirƙirarriyar basira, musamman waɗanda suka shiga shirin horon fasaha na gwamnati 3MTT ko suka dawo gida daga BUK da Wudil da Dutse da ɗan abin da Allah ya hore musu, wato yawo da fayil ɗin modal, ƙwaƙwalwar da aka horar wa na'ura don ta gane hoto ko ta yi hira, a filashi ko ta Xender kamar yadda ake tura fim. Wani ya sauke a birni inda netwok ke da ƙarfi ya kawo ƙauye, ya ba abokinsa, abokin ya canza masa suna, kafin kace me fayil ɗin ya zaga gari uku kuma babu mai iya gaya maka wa ya horar da shi, da waɗanne hotuna, ko ma an yarda a nemi kuɗi da shi. Ni ban ga laifin turawar ba wallahi, data tayi tsada, mu nan ɓangaren Kura da Garun Malam wani lokacin sai ka fito bakin titi kafin ka samu sabis na kirki. Abin da ke damuna shine ana tura modal ana barin bayanansa a baya, ko kuma bayanan suna nan kwance cikin fayil ɗin amma ba wanda ya san ta inda ake buɗewa.

Shi modal a karan kansa tarin lambobi ne kawai, miliyoyi ko biliyoyi, da aka daidaita lokacin horo. Duk abin da aka rubuta game da waɗannan lambobin shi ake kira metadata: sunan modal, wanda ya yi shi, girman hoton da yake karɓa, jerin amsoshin da zai iya bayarwa, lasisi, inda aka samo kayan horo, makin da ya ci a gwaji. Duk wanda ya taɓa sayen maganin feshi da aka tsiyayo masa a gorar ruwa ya san matsalar, maganin yana iya zama mai kyau amma baka san sunansa ba, baka san murfi nawa ake zubawa a tanki ba, baka san ko na ciyawa ne ko na tsutsa ba, kuma idan ya ƙone maka gona ba ka da wanda zaka kama.

Toh abin da ya sa maganar ke da wuya shine bayanan nan ba iri ɗaya bane kuma ba waje ɗaya suke zama ba. Akwai waɗanda na'ura ke karantawa ta yi aiki da su kai tsaye, ka taɓa su halin modal ya canza. Akwai waɗanda mutum kaɗai ke karantawa, na'ura ba ruwanta da su, ko ƙarya aka rubuta modal zai ci gaba da aikinsa. Sai kuma tarihi, wato daga wane modal aka samo wannan, ran yaushe, da wane saiti. Ga shi kowane nau'in fayil da nasa salon ajiya, ONNX daban, TFLite daban, GGUF daban, safetensors daban, shi ya sa har yanzu babu manhaja guda da zata nuna maka komai kuma ta baka damar gyara komai. Kowa da inda ya ƙware.

Wadda nake ganin ya kamata kowa ya fara sakawa a laftof ɗinsa ita ce Netron, Lutz Roeder ne ya rubuta ta, kyauta ce. Tana buɗe ONNX da TFLite da Keras da Core ML da GGUF da safetensors da wasu da yawa, akwai ta burauza akwai kuma wadda ake sakawa a kwamfuta, wannan ta biyun ita ta dace da mu don ko babu intanet tana aiki. Kana jawo fayil ka jefa mata sai ta zana maka modal ɗin daga sama zuwa ƙasa, akwati akwati da layuka, ka danna na farko ka ga abin da yake karɓa, ka danna na ƙarshe ka ga abin da yake fitarwa. Misali idan modal ɗin gane cutar ganye ne zaka iya ganin 1, 224, 224, 3 a wajen shiga, ma'ana hoto ɗaya, faɗi 224 tsawo 224, launi uku. A wajen fita kuma idan kaga 38 to amsoshi 38 ya sani a duniya, duk abin da ka nuna masa dole ya cusa shi cikin ɗaya daga ciki, ko da kuwa ganyen zobo ne da bai taɓa gani ba. Netron kallo kawai take yi ba ta gyara, kuma ni a wajena wannan alheri ne ga mai koyo.

Wannan 38 ɗin ba haka kawai na kawo ta ba. Yawancin modal ɗin cutar shuka da ɗalibai ke horarwa daga tarin hotunan PlantVillage ake yinsu, hotuna sama da dubu 54, amfanin gona 14, rukuni 38. A ciki akwai tuffa da inabi da lemo da dankalin turawa da masara da waken soya da tattasai da tumatir. Babu gero, babu dawa, babu riɗi, babu shinkafa, babu wakenmu. Ko a tumatir ɗin ma cututtukan ganye ne da wasu ƙananan ƙwari, babu tsutsar nan Tuta absoluta da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonaki a 2016 har kwandon tumatir ya gagari talaka, duk wanda ke zuwa Kwanar Gafan a shekarar ya san abin da nake faɗa. Su kansu masu binciken, Mohanty da Hughes da Salathé, a rahoton da suka fitar a 2016 sun faɗi gaskiya, modal ɗinsu ya ci sama da kashi 99 cikin ɗari a hotunan da aka ɗauka irin na horo, ganye ɗaya a kan shimfiɗa mai launi ɗaya, amma da aka gwada shi da hotunan da aka samo daga wani waje sai ya faɗo kusan kashi 31. Yanzu ka duba, yaro ya zo da waya yana gaya wa baba cewa abin nan kashi 99 ne, ba ƙarya yake da niyyar yi ba, lambar ya gani bai ga bayanin da ke rakiyarta ba. Baba kuma ya je ya sayi maganin da ba shi gonarsa ke buƙata ba, a lokacin da kuɗin taki ma da kyar aka haɗa.

Mu dawo kan TFLite, wanda Google ta sauya wa suna zuwa LiteRT a 2024, shine aka fi sakawa a wayoyin Android. A cikinsa ana iya ajiye abubuwa biyu masu haɗari. Na farko yadda ake daidaita launin hoto kafin a ba modal, wani yana so a mayar da lambobin launi daga 0 zuwa 1, wani daga -1 zuwa 1 ta hanyar cire 127.5 a raba da 127.5. Idan mai haɗa manhaja bai duba ba ya yi amfani da wanda ba shi ba, babu wani saƙon kuskure da zai fito, modal zai bada amsa cikin ƙarfin hali amma amsar ta karkace. Na biyu jerin sunayen amsoshi. Modal bai san kalmar cuta ba, lamba yake fitarwa, yace ta 7, sai manhaja ta je layin da ya dace a fayil ɗin sunaye ta ɗauko abin da ke wurin. Kuma nan ne mu Hausawa muka fi taɓawa, don kowa yana son sunayen su fito da Hausa yadda malamin gona da manomi zasu gane, niyya mai kyau. Amma idan mai fassara ya sake jera sunayen bisa haruffa, ko ya goge layi ɗaya don yana ganin ba mu da wannan cutar a nan, duk na ƙasa sun gusa, lafiyayyen ganye ya koma mai cuta. Dan Allah a fassara layi bisa layi, kar a motsa ko ɗaya. Ma fi kyau kar a goge na Turancin, tsarin TFLite ya bada damar a ƙara fayil ɗin sunaye na biyu a sa masa alamar harshe ha, manhaja ta zaɓi wanda zata nuna. Fitar da sunayen abu ne mai sauƙi don a matse suke kamar zif, kowace manhajar buɗe zif zata ciro su, mayarwa ne ke buƙatar kayan aikin rubuta metadata na TFLite a Python, yaren da ake rubuta manhaja da shi.

Sai GGUF, inda hankalin matasa ya fi karkata yanzu saboda kowa na son ya yi hira da modal a laftof ɗinsa ba tare da data ba. Tsarin ya fito a watan Agustan 2023 daga aikin llama.cpp na Georgi Gerganov, kuma kyawunsa shine komai yana cikin fayil ɗaya, a goshin fayil ɗin an jera bayanai suna da ƙima, suna da ƙima, general.architecture ya gaya maka dangin modal ɗin, context_length ya gaya maka yawan tokin, wato gutsattsarin kalmomi, da zai iya riƙewa a lokaci guda, sai jerin gutsattsarin kalmomin da ya sani gaba ɗaya, sai tokenizer.chat_template wanda shine tsarin da ake shirya masa hira, sai irin matsewar da aka yi masa. Modal mai faramita, wato lambobin nan da aka daidaita lokacin horo, biliyan 8 idan ba a matse ba yana kai gig 16, idan aka matse shi da salon matsewar da ake kira Q4_K_M yana dawowa wajen gig 5. Ga mai laftof mai RAM gig 8 da ke caji a shagon sola, wannan bayanin shine zai raba shi da asarar kuɗin data, kuma abin daɗin shine Hugging Face, shafin intanet da ake ɗora modal ana saukewa, na nuna waɗannan bayanan a shafin fayil ɗin tun kafin ka sauke, goshin kawai take karantowa, da ɗan megabait kaɗan ka gama sanin ko zai shiga na'urarka. Kana iya ma leƙa jerin gutsattsarin ka ga ko akwai kalmomin Hausa cikakku ko sai an farfasa kowace kalma, musamman masu ƙ da ɗ da ɓ, don yawan farfasawa na nufin rubutunmu zai cika masa ciki da wuri kuma ya yi nauyin amsa.

Ga misalin da ya nuna ƙarfin lamba ɗaya. Lokacin da Meta ta fitar da modal ɗinta na hira Llama 3 a watan Afrilun 2024, fayilolin GGUF na farko da mutane suka yi sun zo da wata matsala, modal ya gama amsa amma ya ƙi yin shiru, sai ya ci gaba da surutu yana tambayar kansa yana amsawa. Lambobin modal lafiyarsu ƙalau. Abin da ya faru shine modal ɗin yana rufe maganarsa da tokin mai lamba 128009, a metadata kuma an rubuta cewa alamar tsayawa ita ce 128001, manhaja tana jiran alamar da ba zata zo ba. Mutane suka gyara da canza lambar nan guda ɗaya, ba tare da sake sauke gig biyar ba. Kayan gyaran suna cikin kunshin gguf na Python, gguf-dump na zazzage maka komai ka karanta, gguf-set-metadata na canza ƙananan ƙima irin lamba a cikin fayil ɗin kai tsaye, gguf-new-metadata kuma yana rubuta sabon kwafi idan rubutu mai tsawo zaka canza kamar tsarin hira, akwai ma gguf-editor-gui mai taga da maɓallai ga wanda baƙin allo ke tsorata shi.

Amma fa a nan ne nake jan kunne. Manhajar gyara bata san gaskiya ba, abin da ka rubuta shi zata ajiye. Llama 3 na farko tokin 8192 aka horar da shi ya riƙe, kana iya buɗe fayil ka mayar da lambar ta ninka sau goma, zai karɓa, amma daga ya wuce inda aka koya masa sai ya fara shirme kuma RAM ɗinka ya cika. Kana iya canza general.name ka sa sunanka. Kana iya goge lasisi. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ya ƙara wa modal ilimi, sai dai ya ruɗa wanda zai karɓa daga hannunka. Shi ya sa nake ganin duk mai gyara ya yi a kan kwafi, ya ajiye na asali, ya canza sunan fayil yadda za a gane an taɓa shi, sannan ya rubuta me ya canza da dalili. Hanyar tabbatarwa kuma ita ce lambar SHA-256 wadda take kamar zanen yatsan fayil, Hugging Face na nuna ta ga manyan fayiloli, kai kuma a Windows certutil zai lissafa maka ta fayil ɗin da ke filashinka, idan lambobin biyu basu zo ɗaya ba to ko dai saukewar bata cika ba ko an taɓa wani abu, ko da harafi ɗaya ne.

Akwai kuma maganar tsaro a gurguje. Tsofaffin fayilolin PyTorch, kayan aikin horar da modal, masu ƙarewa da pt ko bin da wani tsarin ajiya mai suna pickle ake haɗa su, shi kuma pickle ana iya ɓoye umarni a cikinsa ya gudana a kwamfutarka daga ka loda shi. Safetensors da Hugging Face ta ƙirƙiro ba ya haka, lambobi ne da ɗan bayani na JSON a goshi. Fayil ɗin da ya zo ta hannun mutum huɗu, idan da zaɓi ka ɗauki safetensors ko GGUF.

Bayanan da mutum ke karantawa kuma gidansu shine katin modal. Margaret Mitchell da Timnit Gebru da abokan aikinsu ne suka kawo shawarar a takardar da suka gabatar a 2019, cewa kowane modal ya fito da bayanin me aka yi shi dominsa, a kan su wa aka gwada, ina yake gazawa. A Hugging Face katin fayil ne na rubutu zalla mai suna README, samansa akwai layuka kaɗan na YAML, wani tsarin rubutu da na'ura ke karantawa, inda ake sa harshe da lasisi da modal ɗin da aka gina a kai da kayan horo, kuma akwai fom a shafin da zaka cike ba sai ka iya YAML ba. Da waɗannan layukan ake tace bincike, ka zaɓi Hausa su fito. Sai dai alamar ha kowa na iya rubuta ta, ba wanda ke tsaye yana jarrabawa, don haka ganinta mafari ne kawai, ka gangara ƙasa ka nemi inda aka faɗi Hausar da aka horar da ita, ta labarai ce, ta littattafan addini ce, ko ta hirar mutane. Lasisi ma a duba. NLLB-200 na Meta da ya fito a 2022 yana fassara Hausa da alamar hau_Latn, amma lasisinsa CC-BY-NC ne, bai yarda da kasuwanci ba, shi kuma Whisper na OpenAI mai mayar da murya rubutu lasisin MIT gare shi, ya sake maka hannu. Wanda ke shirin buɗe ɗan shagon fassara ko rubuta murya ana biyansa, wannan layin ɗaya ya shafe shi kai tsaye, kuma shine layin farko da ke ɓacewa idan fayil ya bi ta Xender, don katin baya cikin fayil ɗin, a shafi aka baro shi.

Ga masu horar da nasu kuwa, manhajar MLflow nake ba da shawara. Databricks ce ta fitar da ita a 2018, a 2019 aka ƙara mata rajistar modal. Bata buƙatar intanet, a laftof ɗinka take zama, ka rubuta mlflow ui ka buɗe burauza ka ga duk horon da ka taɓa yi a jere cikin tebur, saitin kowanne da makinsa da zanen yadda yake koyo, ka zaɓi biyu ka gwama su. Abin da ya burge ni a tsarinta shine ta raba abin da ake gyarawa da wanda ba a gyarawa, saitin da ka yi horo da shi da zarar an rubuta ba zata bari ka canza ƙimarsa ba, amma bayani da alamomi kana iya sabunta su kullum. Wanda ya tsara haka ya san halin ɗan Adam. A rajistar kuma kowane modal da lambar fitowarsa, ta 1 ta 2 ta 3, kowacce a ɗaure da horon da ya haife ta, saboda haka idan malamin gona ya kira yace abin da ke wayarsa yana bada amsar banza kana iya bin sawu har ka isa ga hotunan da aka yi amfani da su. Manhajar Weights & Biases ma na wannan aikin kuma ta fi ƙyalli, amma ginshiƙinta a intanet yake duk da tana da yanayin aiki ba netwok a tura daga baya. Manhajar DVC kuma ta fi ƙarfi wajen bin sauyin kayan horon kansu.

Inda duk suke da rauni shine wajen juya fayil. Ka horar a PyTorch, ka juya zuwa ONNX, ka sake juyawa zuwa TFLite don waya, a kowane mataki lambobi na tsallakewa amma bayanai na zubewa a hanya, sunayen amsoshi da daidaita launi da lasisi sau da yawa sai ka sake saka su da hannunka. ONNX, wanda Facebook da Microsoft suka fara a 2017, yana da gurbin metadata_props da zaka zuba duk abin da kake so, amma fanko yake zuwa idan baka cike ba. Don haka bayan kowace juyawa a sake buɗewa a Netron a gani da ido.

Kuma akwai bayanan da babu manhajar da zata ƙirƙiro mana su, mu ne kaɗai muka san su. Idan ka ɗauki hotunan tumatir a Kadawa ka rubuta cewa na rani ne, da ƙurar hunturu a kan ganye, iri kaza ne UTC ko Roma, da wace waya, da safe ko da rana tsaka, kuma wane ne ya tabbatar da sunan cutar, malamin gona ne ko hasashe aka yi. Idan murya ka naɗa ka rubuta ta mutanen ina ce, don Hausar Haɗeja da Gumel ba daidai take da ta cikin birnin Kano ba, ka faɗi ko akwai muryar mata da dattawa ko samarin majalisa ne kaɗai. Ka rubuta ko an nemi izinin mutanen, dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta shafi wannan, kuma ka tuna hoton waya na iya ɗauke da wurin da aka ɗauke shi a ɓoye idan GPS a kunne yake, wato gonar bawan Allah da gidansa, wannan metadata ce da ya kamata a goge kafin a ɗora ko'ina, ExifTool na yin hakan ga folda guda a lokaci ɗaya. Duk waɗannan suna shiga katin modal, kuma tunda rubutu ne zalla babu abin da ya hana a yi shi da Hausa, layukan YAML na sama kawai za a bari yadda suke don na'ura ce ke karanta su, sannan a kwafi katin a saka shi folda ɗaya da modal ɗin a filashi tare da lambar SHA-256, a riƙa tura foldar gaba ɗaya.